Cikin da Inna Ta Ce Ya Kwanta

Duk wanda ya fara koya wa Bahaushe amsa "ya jiki?" da "da sauƙi", ni dai ina da magana da shi. Mutum yana kwance ana ɗura masa kunu da cokali, a leƙo a ce masa ya jiki, ya tattara ɗan sauran numfashinsa ya ce da sauƙi. Na faɗi kalmar nan ranar da aka cire mini nonon hagu. Na faɗe ta lokacin da ake yi mini ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ina rungume da bokiti. Amma a wancan lokacin ba ta ba ni haushi ba, don kowa yana ganin abin da ke damuna da idonsa. Haushin ya fara ne bayan da kowa ya yanke hukuncin na warke.

Ni malamar firamare ce a Dutsin-Ma, aji biyu nake riƙewa. Ina da 'ya'ya biyu, kuma kafin ciwon nan ya zo ina da niyyar ƙarawa. Da aka gama aiki da ƙarin ruwa, likitata ta zaunar da ni a asibitin da nake zuwa a Katsina ta yi mini bayani. Ta ce irin ciwon dajin da na yi, wani sinadari ne da ƙwan mace ke fitarwa yake ciyar da shi, saboda haka za a riƙa yi mini allura a fatar ciki duk wata, a kwantar da ƙwan na wasu shekaru, al'ada ta ɗauke, ciwon ya rasa abin da zai ci balle ya dawo. Na ce to. A lokacin ko ƙaho aka ce a dasa mini a goshi zan ce to.

Da na dawo gida na kira Innata a Kurfi na maimaita mata. Inna ba ta iya riƙe waya a kunne ba, a gaban bakinta take ajiye ta tana ihu, saboda haka rabin abin da aka faɗa mata iska ke kwashewa. Daga duk bayanin da na yi, kalma ɗaya ta shiga kunnenta ta zauna: an kwantar. Da na san abin da kalmar nan za ta jawo mini, da na nemi wata.

Watannin farko, zafi ne ya fara. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara haɗa baƙi da wasali, sai in ji wuta ta taso daga ƙirji ta haye wuya ta mamaye fuska, hijabi ya jiƙe sharkaf, yara suna kallona suna mamaki, ga shi ana sanyi. Gwiwoyi suka fara ƙara kamar na kakata. Wannan duk na ɗauka, an gaya mini zai zo. Abin da na kasa ba wa suna shi ne ɗayan. Sai in tashi da safe in zauna a bakin gado, in duba takalmina, in ji sa shi aiki ne da ya fi ƙarfina. Abinci ya zama ƙasa a bakina. Ɗana ya zo da gudu yana nuna mini ya ci jarrabawa, na buɗe baki in yi murna na tarar babu komai a wurin. Kuka kuwa ba ya neman dalili. Na taɓa yin kuka a kan albasa tun ban yanka ta ba, don kawai ta mirgina ƙarƙashin kabad.

Ga shi a waje kuma na yi kyau. Gashi ya dawo, har ya fi na da laushi. Na yi ƙiba. Duk wadda ta shigo sai ta tafa hannu ta ce, "Masha Allahu, malama, kamar ba ke ba! Ya jiki?" In ce da sauƙi. To me zan ce? Matar da ta tsallake ciwon daji, aka yi ta yi mata addu'a a masallatai biyu, ta fito ta ce ita fa ba ta jin daɗin duniya? Ai sai a ce butulci ne. Ni kaina abin da nake gaya wa kaina ke nan.

Maigidana mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Gyaran injin ban-ruwa yake yi wa masu lambu a bakin dam, kuma a wurinsa duk abin da ya tsaya, ko mai ne ya ƙare ko wani abu ya toshe. Da ya ga na yi shiru sai ya shigo da tsire. Washegari balangu. Da ya ga naman yana kwana, sai ya koma kankana. Rannan na daure na ce masa, "Ni fa zuciyata ce ba daɗi." Ya ajiye ledar hannunsa ya ce, "Wa ya ɓata miki rai?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To me aka rasa a gidan nan?" Na ce ba komai. Ya yi tsaye yana duba ni, sannan ya ce in yawaita istigfari, ya fita ya dawo da lemo mai sanyi.

Sai azumi ya zo, kuma azumi ne ya tona ni. Likita ta yarje mini, na ɗauka daga farko har ƙarshe ban sha ko ɗaya ba. Namiji ba zai lura da wannan ba, amma mata lissafinsu ba ya kuskure. Da muka je Kurfi gaisuwar Sallah, ana zaune a tsakar gida kowace tana faɗin ramuwar da ke kanta, aka zo kaina na ce ni babu. Inna tana tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a tsakiya.

Ya kamata in faɗi yadda muke da Inna. Ni ce 'yarta ta fari, kuma ita ta tsohon yayi ce, kunyar ɗan fari a wurinta addini ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan", ko in tana cikin raha "mutanen Dutsin-Ma". Ranar da aka yi mini aiki ta kwana a barandar asibiti, amma da aka fito da ni, ƙanwarta ta tura ta duba ni, ita tana daga ƙofa tana gyara ɗaurin kallabi.

Ba a yi sati ba sai ga ta a gidana ranar kasuwa, da ƙullin kaya da galan. Ta ce ta zo ta kwana biyu. Ta zauna ta sa mini ido kamar mai gadin shanya. In na ture kwano ta gani. In na kwanta da rana ta gani. In zafin nan ya taso na fizge ɗankwali ina fifita da murfin tukunya, sai ta gyaɗa kai ta ce "uhm". Rana ta uku ta kore yara waje ta jawo kujera.

"Ke, tun yaushe rabonki da wanki?"

Na ce, "Inna, ai na gaya miki. Allurar ce ta ɗauke shi."

"Allura ta ɗauke shi. To. Kasala hwa? Ƙin abinci hwa? Wanga kuka da kike yi ba a taɓa ki ba? Ga ki kin cika kin yi hwari. Ni za a gaya wa? Ciki ne gare ki."

Na yi dariya, dariyar farko cikin watanni, kuma ba ta daɗi ba ce. Na ce, "Inna, wata nawa ana yi mini allurar nan? Da ciki ne ai da yanzu ana shirin suna."

Ko gezau ba ta yi ba. "Shi ya sa. Kwanciya ya yi. Ke da bakinki kika ce mini sun ce za su kwantar. To sun kwantar da shi, shina nan. Ba ga ƙanwar babanku ba, nata shekara ukku ya yi kwance, da ya tashi ta haiho namiji, ga shi can shina noma a Birchi."

Na yi bayani. Na ɗauko takarda na zana mata mahaifa da ƙwai biyu kamar ina gaban 'yan aji biyu. Ta karɓi takardar ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ta ce zanen ya yi kyau, sannan ta buɗe galan. Jiƙo ne na sassaƙe, baƙi ƙirin, wai wata tsohuwa a Wurma ce ta haɗa, ba ta taɓa ba wa mace cikinta ya ƙi tashi ba. Na ce likita ta hana ni shan abin da ba ta sani ba. Inna ta ce likitar ita ta haife ni? Na ce a'a. Ta ce to.

Ban sha ba, amma ban huta ba. Duk inda na juya galan na nan: bakin randa, gefen gado, har bayan ƙofar banɗaki na taɓa samunsa. Ta hana ni ɗaukar bokiti. Ta hana ni hawa babur zuwa makaranta. Maƙwabta suka fara gaishe ni da wani irin murmushi, har wata ta ce mini Allah ya raba lafiya. Maigidan, da Inna ta tare shi a zaure, ya shigo yana sosa ƙeya yana tambayata wai ko dai a gwada. Na ce masa shi ma ya je a auna shi. Sannan a ƙasan ƙullin kayanta na ga sabon zanen goyo, saƙi, mai ratsin baƙi da fari, an naɗe shi da kyau.

Wannan zanen ne ya karya ni. Haushi nake ji, ƙwarai kuwa, amma a ƙarƙashin haushin akwai wani abu. Ina son ɗan nan da babu shi. Na san babu shi, ni na zana takardar, amma sai da na shiga ɗaki na ɗora hannu a cikina. Wurin duk tabon allura ne.

A ranar na yanke shawara zan bar allurar. Ba don maganar Inna ba. Na lura tun da aka fara ta duhun nan ya sauko mini, kuma na gaji. Na san abin da barinta ke nufi, likita ba ta ɓoye mini ba: ƙofa ce za a buɗe wa ciwon ya dawo. Amma a lokacin, in an ce mini ga ciwon ga wannan zaman, ba na jin zan zaɓi zaman. Ban taɓa tunanin yi wa kaina wani abu ba. Sai dai da za a ce in kwanta kada in tashi, ba zan yi gardama ba, kuma ban gaya wa kowa haka ba.

Inna kuwa dama abin da take so ke nan, a daina allura ciki ya samu ya motsa. Da ranar asibiti ta zo ta riga ni shiryawa. Ta ce za ta bi ni ta ga likitar nan ido da ido. Na ce ta zo. A raina na ce ta yi mini aikin, ita ta yi faɗan, ni in sa hannu a fita.

A mota ta sa aka ba ni gaba, ta gaya wa direba ya bi ramuka a hankali akwai mai lalura. Da muka tsaya a Kurfi ɗaukar fasinja ta leƙa ta taga tana amsa gaisuwa, tana cewa za mu Katsina ne "a duba wani abu". Ni dai na ja hijabi na rufe fuska.

Likitata mace ce mai fara'a, ga layi a bayanmu har baranda. Ta ɗago ta gai da Inna, ta dube ni ta ce, "Malama, ya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Abin da nake gaya mata ke nan duk wata. Takan tambayi zafin jiki da ciwon gaɓoɓi in amsa, ta tambayi barci in ce alhamdu lillahi, ta ce akwai wani abu kuma, in ce babu. Ta kai hannu za ta rubuta, sai Inna ta buga tafin hannu a kan tebur.

"Ƙarya takai, likita! Wane sauƙi? Babu wani sauƙi!"

Na ce, "Inna!"

"Rufe mini baki. Likita, ki saurare ni, ni na zauna da ita. Ba ta cin abinci, sai ta tsakura ta ture. In ta zauna bakin gado da sahe, sai rana ta take tana kallon takalmi. Ɗiyanta na yi mata magana tana kallon bango. Wadda in tana wanki unguwa duka sai ta ji waƙarta, yanzu ko rediyo aka kunna sai ta ce a kashe. Kuka ba dare ba rana. Rannan ina jin ta tana shanya tana cewa ita da ma ta huta. Mi ta yi da za ta huta? Ni na haihu takwas, na san abin nan. Ciki ne kuka kwantar mata, ku tashe shi!"

Ban san ta ji maganar shanyar nan ba. Ban ma san a fili na faɗe ta ba.

Likita ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina gode mata. Ta ajiye biro. Ta ce wa Inna za a gwada, yanzu-yanzu, don kowa ya samu natsuwa. Aka ba ni 'yar kwalba na je na dawo. Kafin sakamako ya fito ta juyo da kujerarta ta fuskance ni, ta ce, "Abin da Mama ta faɗa, haka ne?" Na buɗe baki in ce da sauƙi, wallahi har ta hau harshena, sai kuka ya riga ta fita.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta yi ta tambaya ina amsawa, wannan karon da gaskiya. Ta ce abin da ke damuna ciwo ne, ciwon damuwa, yana samun mata a kan wannan magani, wasu kaɗan wasu da yawa, kuma ba rashin godiya ba ne, ba raunin imani ba ne. Ta ce akwai likitan da ke duba shi a nan asibitin, akwai magani, akwai zama a yi magana, sai dai ba ya tafiya rana ɗaya. Na ce mata ni na zo ne in ce a daina allurar. Ta ce jikina ne, ba za ta yi mini dole ba, amma tana roƙona in bari a gwada maganin damuwar tukuna kafin in buɗe wa wancan ciwon ƙofa.

Ana haka aka kawo sakamako. Babu ciki, ba a kwance ba, ba a tsaye ba. Inna ta sa aka maimaita mata. Ta tambaya ko na'urar tana ganin wanda ya yi nisa da barci. Aka ce tana gani. Ta shiga murza bakin mayafinta, ni kuma ina jira ta ce asibiti ba su san komai ba, mu tashi mu tafi. Da ta faɗi haka da na bi ta, ko waiwaye ba zan yi ba.

Sai ta ce, "Likita, in an bar allurar, wancan ciwon shina iya dawowa?"

Likita ta ce yana iyawa.

"In an ci gaba hwa, haihuwa?"

Likita ta ce ba yanzu ba, kuma ba za ta yi mata alkawarin nan gaba ba.

Inna ta dubi bango, ba ta dube ni ba. Ta ce, "To a yi mata. Wanda babu na yahe shi. Ɗiyata nike so."

Tunda nake ban taɓa jin ta ce ɗiyata ba. Na zauna ina kallon gefen fuskarta, ita kuma ta ɗaure fuska kamar an yi mata rashin kunya. Da ma'aikaciyar jinya ta shigo da allurar, Inna ta ga kaurinta ta ce la'ilaha illallahu, wannan ai ta shanu ce. Amma ba ta fita ba. Ita ta ɗage mini riga ta riƙe, tana kallon silin, har aka gama.

Ba zan ce daga nan komai ya daidaita ba. Maganin damuwar ya ɗau makonni kafin in ji alamarsa, sai da aka canza mini wani, kuma har yanzu akwai safiyar da takalmin nan ke yi mini nauyi. Maigidan ya daina tambayar wa ya ɓata mini rai, amma kankana ba ta daina shigowa ba. Maƙwabciyar da ta yi mini fatan rabuwa lafiya ta zo daga baya ta yi mini jaje a kan ɓarin da ban yi ba, na rasa ta inda zan fara, na ce mata na gode. Galan kuwa Inna ta ƙi zubarwa, ta koma da shi Kurfi wai kada a yi asara.

Zanen goyon ta bar shi. Ranar da za ta tafi zafin nan ya taso mini ina zaune a tabarma, ta ɗauko shi ta tsoma a randa ta matse, ta yafa mini a wuya, ta ce dama saƙi ya fi riƙe ruwa. Har yau da shi nake fama da zufa.

Yanzu duk ranar da na dawo daga allura sai ta kira, wayar a gaban baki, tana ihu har waɗanda ke ɗaki suna ji.

"Ke, ya jiki?"

In ce, "Da sauƙi, Inna."

Sai ta ce, "Ba gaisuwa nike ba. Tambaya nike."

Sai in gyara zama in gaya mata.